Sauke sau ɗaya, girka a kwamfuta da yawa

Ƴan'uwa masu koyo, ga inda na kai da apt, wato manhajar da ke saukewa da girka fakiti (ƙunshin manhajoji), a kan Debian 12, wani nau'in tsarin Linux.

Abin da ya fara zauna mini shi ne bambancin apt update da apt upgrade. Na farko jerin sunayen fakiti da sigoginsu kawai yake kawowa daga ma'ajiyar intanet da adireshinta ke rubuce a fayil ɗin /etc/apt/sources.list, ba ya girka komai. Na biyu ne ke sauke sababbin sigogin ya girka su, shi ne ya fi cin data. Shi ya sa ba na buga upgrade sai na duba apt list --upgradable na ga me ke jira. Mu nan Tahoua da kuɗinmu muke sayen kowane mega.

Abin da ya fi burge ni a makon nan shi ne ma'ajiyar /var/cache/apt/archives. Idan kun yi amfani da apt-get, ɗan'uwan apt da ya riga shi, fayilolin fakiti (.deb) da aka sauke suna zama a can, amma apt yakan share su bayan girkawa. To ni yanzu sudo apt-get install --download-only gimp nake bugawa inda intanet ke da ƙarfi (wannan yana sauke gimp, manhajar gyaran hoto, ba tare da girkawa ba), in kwashe fayilolin daga can zuwa kile USB, in kai wa ƙanena. A tasa kwamfutar sai ya shiga jakar da fayilolin suke ya buga sudo apt install ./*.deb. Ku dai kula: dole sigar Debian ta zama ɗaya, nau'in na'urar ma ɗaya, misali amd64. Kuma apt abin da tawa ta rasa kawai yake saukewa, don haka tasa tana iya neman ƙari kaɗan.

Ku riƙa ƙara --no-install-recommends a umarnin install. A ganina duk mai ƙirga data ya kamata ya haddace shi, domin yana hana jawo fakitin da ba dole ba.

Sai maganar wuta, musamman da bazara. In aka ɗauke ta ana tsakiyar girkawa, dpkg, wanda shi ne mai aikin a ƙarƙashin apt, yakan bar fakiti rabi da rabi. Kada ku tsorata ku sake girka tsarin gaba ɗaya. Ku buga sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt --fix-broken install.

Yanzu ina kan apt-mark hold, mai hana a sabunta fakiti guda har sai an sake shi da unhold.