An ba ni aikin get, bayan an nuna min takardar wani

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon walda. Alhamdu lillahi, get ɗin nan da na ce muku ina nema ya faɗo hannuna. An biya kafin alƙalami, ƙarfe na shago, har na ɗaure firam ɗin ƙyaure ɗaya. Shi ne babban aiki na farko da Oga ya sakar min tun daga ƙiyasi har kafawa, saboda haka ku yi min uzuri in bakina ya ƙi rufuwa. Na so in fara da yadda na hana firam ɗin karkacewa, amma wancan ya jira. Tun kafin in tayar da janareto, takardar ƙiyasi ta riga ta sha min kai.

Get ne mai faɗin ƙafa 12 da tsayin ƙafa 8, ƙyaure biyu, da ƙaramar ƙofar shiga a jikin ɗaya. Mai gidan wani Alhaji ne da ke gini a bayan gari. Ban da ni akwai masu walda biyu da ya tambaya, kuma wannan haƙƙinsa ne, kowa da kuɗinsa yana zagayawa. Da na kai masa tawa takardar, ya duba ƙasa inda jimla take, sai ya ciro waya ya nuna min hoton takardar wani, da sunan shagonsa da lambarsa da komai. Kuɗin wancan ya gaza nawa da naira 95,000. Ya ce, "Yaro, ka ga abin da aka ce min. Ka sauko ƙasa da shi ko da dubu biyar ne, aikinka ne."

Wallahi gabana ya faɗi. Mai neman aikinsa na farko in aka ce masa haka, bakinsa kan so ya riga lissafinsa. Abin da ya tsayar da ni shi ne takardar kanta. Layi ɗaya ne a cikinta: get 12 da 8, da fenti da kafawa, kuɗi kaza. Babu kaurin fallen ƙarfe, babu girman fayif, babu irin hinji.

Kun san lissafin, amma bari in sa shi a lamba don ya zauna. Fallen ƙarfe mai ƙafa 4 da 8 in kaurinsa milimita 1 ne, nauyinsa kilo 23 da ɗan wani abu. Mai 1.2 kilo 28 ne, mai 1.5 kilo 35, mai 2 kuma ya kusa 47. Get ɗin nan falle uku yake ci. Ke nan tsakanin mai sa 1 da mai sa 1.5 akwai kilo 35 na ƙarfe, falle guda cur, kafin ma a zo kan fayif ɗin firam, inda inci biyu da biyu mai kauri da marar kauri suke kama ɗaya da zarar fenti ya hau. Ranar kafawa duka biyun za su yi kyau a hoto. Sai iskar farkon damina ta taso za ka ji ɗaya yana kuka kamar ganga.

Na fara tambayarsa abu ɗaya: "Ranka ya daɗe, kun riga kun sallama da shi ne?" Ya ce a'a, tambaya kawai yake yi. Da ya ce eh, da na naɗe takardata na yi masa fatan alheri. Hadisin da ya hana mutum ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa yana cikin Buhari da Muslim, kuma waɗanda suka karanta Risala a zaure za su tuna an fayyace cewa hanin yana hawa ne idan masu cinikin sun karkata ga juna sun kusa ƙullawa, ba a farkon tayi ba. To mu ma haka muke ɗaukarsa a shago. Ana tattara farashi, kowa ya kawo nasa. An ce "na ba ka", ko an karɓi kafin alƙalami, ƙofa ta rufe. Oga ma ya fi haka tsanani. In aka kawo masa aikin da wani ya fara ya bari, ba ya taɓawa sai ya kira mai aikin ya ji ko an biya shi haƙƙinsa, domin sau da yawa wanda ya gudu da bashin wani, kai ma da naka zai gudu.

Sannan na ce masa ban san ƙarfen da wancan zai sa ba, don haka ba zan ce kuɗinsa ya yi kaɗan ko ya yi yawa ba, nawa kawai na sani. Ban ce zai ha'ince shi ba, kuma ina roƙonku ku kiyayi wannan kalmar a gaban kwastoma. Mutum na iya fin ka arha da gaskiyarsa. Wataƙila yana da ƙarfen da ya saya kafin ya tashi. Wataƙila layinsu na samun wuta, kai kuwa da fetur kake ƙona kowace sandar walda. Wataƙila shagon na gado ne, ba ya biyan haya. Wanda ya kushe aikin abokin sana'a don ya samu get ɗaya, gobe a kasuwar kayan gini ta Kofar Ruwa za su haɗu, kuma maganar ta riga shi isa.

Abin da na yi shi ne na koma shago na tsinto guntaye biyu daga ragowar yanka, ɗaya mai 1, ɗaya mai 1.5, na kai masa. Na ce ya lanƙwasa da hannunsa. Na farko ya ba shi haɗin kai, na biyu ya ƙi. Na ce ya tambayi duk wanda ya ba shi farashi wane ne a cikin biyun nan zai sa, a falle da kuma a fayif, sannan ya gwada kuɗin. Ya yi shiru yana jujjuya su, ya sa a aljihu.

Nan ne matsalar da har yanzu ban gama warware ta ba, kuma ita ce dalilin wannan rubutu: me za ka rubuta a takardar, me za ka bari a cikinka? In ka yi layi ɗaya irin na wancan, kwastoma ba shi da abin gwadawa sai jimla, kuma mai ƙaramar jimla shi ke ci ko da da gwangwani zai yi aikin. In kuma ka zazzage komai, fayif guda nawa, a yanka shi a ina, zanen ado, yawan sanda da faifan yanka, to ka yi wa wani aikin kai kyauta. Ka je ka auna wuri da kuɗin motarka, ka kwana kana lissafi, a ɗauki hoton takardar a tura wa wani ta WhatsApp, shi kuma ya cire dubu goma ya karɓe. An yi wa Oga haka da zanen wata matakala, ya ga zanensa a tsaye a gidan mutane da hannun wani, kuma har yau in aka tuna masa sai ya canza fuska.

Matsayar da na tsaya a kai a wannan karon ita ce in rubuta abin da kwastoma zai iya aunawa ranar da aka kawo masa kaya, in riƙe abin da ni kaɗai nake bukata wajen yanka. Na sa kaurin falle, girma da kaurin fayif, irin hinji da sakata, da cewa za a fara shafa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin fentin sama. Kuɗi na raba shi gida uku: kaya, aikin hannu, sai dako da kafawa. Yawan fayif da ma'aunin yanka da zane suna cikin littafina, sai an biya kafin alƙalami ake ganinsu. Wani abokina ya ce raba kuɗin ma kuskure ne, wai kwastoma zai kama kuɗin hannu ya yi ta yanka. Yana da gaskiya a wani wajen. Ni dai na ga in farashin ƙarfe ya motsa, ya fi sauƙi in nuna layin da ya motsa.

Kuma yana motsawa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, aka kuma saki naira a watan Yuni, har dala ta wuce 1,500 a farkon 2024, masu sayar da ƙarfe suka koyi cewa "farashin yau ne fa". Don haka na rubuta a ƙasan takardata cewa mako ɗaya take aiki. Alhaji ya biya a cikin makon, ni kuma na tarar falle da fayif sun ɗan hau. Naira 18,000 ta fita daga kuɗin hannuna. Ta yi min zafi ƙwarai, amma na riga na sa hannu, ba zan koma in ce a ƙara ba.

A wajen masu ƙarfe kuma sai na samu kaina a kujerar Alhaji, ni ne mai zagayawa. Tambaya a shago uku ko huɗu ba laifi ba ce, su ma sun sani. Abin da ba a yi shi ne kiran suna. Ka ce "Alhaji, na samu ƙasa da haka, a duba min", ya rage ko ya ce albarka. In ka ce shagon wane ya ba ni kaza, ka haɗa maƙwabta faɗa, kuma gobe duka biyun za su ɓoye maka farashin gaskiya. Ƙirƙiro farashin da ba wanda ya ba ka kuwa ƙarya ce kawai, kuma sun fi ka sanin kasuwar. Wanda ya sa yaransa suka sauke maka falle daga ƙasan tari, ya bar ka ka sa ma'aunin kauri ka gwada, shi ya cancanci ka koma masa da maganar ƙarshe kafin ka saya a wani wuri. Ma'aunin nan ku saya, ko na hannu ne, domin abin da ake kira 1.5 a baki ba kullum yake cika 1.5 ba, kuma kai ka rubuta lambar a takarda da sunanka. A ƙarshe a shagon da Oga ke ɗaukar kaya bashi na saya, duk da wani ya fi shi sauƙi da 'yan ɗaruruwa a kowane fayif. Mutumin da ke ba ku ƙarfe ranar da aljihu ya bushe ba a barinsa saboda ɗari biyar.

Shi kuwa Alhaji ashe ya koma wa mai layi ɗayan da guntayen. Mutumin ya gaya masa gaskiya, da mai 1 ya yi lissafi, kuma in 1.5 ake so kuɗinsa ya zo dab da nawa, har ya ɗan gaza. Duk da haka ni aka kira, wai don ni na fara nuna masa bambancin. Na haɗu da mai waldar a kasuwa ina loda kaya a kura. Na gaishe shi a matsayinsa na babba, ya dubi fallayen ya ce, "Kai ne yaron? Allah ya sa alheri. Ka kula da hinjin, nauyi gare shi." Na ji daɗin wannan fiye da yadda zan iya faɗa.

Akwai kuma mai kula da ginin da ya ja ni gefe ya ce in ɗora dubu ashirin a sama, tasa ce. Na ce in la'ada ce mu faɗa wa mai gida, in ya yarda in rubuta ta a fili. Bai sake tayar da maganar ba, sai dai gaisuwarsa ta ragu, kuma da shi zan yi aikin kafa ginshiƙai. Za mu gani.

Yanzu abin da ke gabana falle ne. Na fara ɗinke na farko a jikin firam da sanda geji 12 (lambar kaurin sandar ke nan), ina ɗigawa ina tsallakawa, daga tsakiya zuwa gefe, amma duk da haka kusurwar sama ta ɗan yi ciki saboda zafi. Na rage wuta, sandar ta fara mannewa. Waɗanda suka saba da 1.5 a ƙyaure mai faɗin ƙafa 6, tazarar inci nawa kuke bari tsakanin ɗigo da ɗigo, kuma kuna ƙara fayif a tsakiya ta baya ne ko matsewa kawai kuke yi har ya huce? Ban taɓa falle na biyu ba tukuna.