Tarkon ƙamshi a gonakin masarar Saga

Tun da tsutsar masara ta Amurka ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, rabin aikina a lambunan Saga, bakin kogi a Yamai, ya koma ƙirgar malam buɗe littafi na dare. Tsutsar kanta ba ta da wuyar ganewa, tana da ɗigo baƙi huɗu kusa da wutsiya. Iyayenta ne ke wahalarwa. Spodoptera frugiperda, wato ita ta Amurkan, da ƴar'uwarta exempta da muka sani tun da, da littoralis mai cin auduga da kayan lambu, duk launin ƙasa ne, girmansu kusan ɗaya.

Abin da ke raba su shi ne feromon, wato sinadarin ƙamshin da suke kiran juna da shi. Mace idan ta isa barbara sai ta saki wannan sinadari cikin dare, namiji ya tsinto shi da gashin nan biyu na kansa, ya bi iska har ya iske ta. Mu kuma sai mu rataya ɗan roba mai ƙamshin a tarko, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, maza su faɗa ciki.

Abin da ya fi burge ni, babban sinadarin kiran frugiperda, Z9-14:OAc, shi ne kuma babba a kiran exempta. Bambancin yana cikin ɗan abin da aka ƙara: ta Amurka tana haɗawa da Z7-12:OAc kaɗan, exempta kuma da Z9,E12-14:OAc. Kamar yajin gida biyu ne, barkono ɗaya, awo daban. Da wannan ɗan awon namiji ke gane tasa cikin duhu, ikon Allah.

Shi ya sa aikin ke son tsabta. Kowane roba da safar hannunsa, don ƙamshin wani kada ya shafi wani. Tsakanin tarko da tarko muna barin mita 50. Robar da ba a buɗe ba tana zama a firji, wadda ke gona kuwa zafin Yamai na saurin cinye ƙamshinta, ba na bari ta wuce wata guda.

Duk da haka tarko yana kamo baƙi. Leucania loreyi, wani malam buɗe littafi na dare daban, na faɗawa tarkon frugiperda sosai, wanda ya ƙirga ba tare da dubawa ba zai kai rahoton annobar da babu ita. Ina kwashewa da sassafe kafin fuka-fukai su goge, in nemi farin tabon da namijin frugiperda ke da shi a ƙarshen fiffike. Wanda ya goge sai a kai ɗakin bincike a duba al'aurarsa a madubin ƙara girma.

Wani dattijo mai lambu ya ga tarkonsa ya cika, ya ce: "Malam, in sayo magani?" Na ce: "Baba, dakata mu leƙa tsakiyar ganyen tukuna." Muka bi layi muna buɗe masara ɗaya bayan ɗaya, babu tsutsa, babu kashinta mai kama da dusar katako. Bai yi feshi ba a wannan mako.