Abin da na ɗauko daga teburin gyaran kwamfuta

Ƙarshen watan jiya na ajiye aiki a shagon da kuka sani. Ba zan ambaci suna ba, wanda ya sani ya sani. Yaran da na bari a teburin gyara sun ce in rubuta musu abin da na koya, to ga shi, amma su yi haƙuri, kusan duk maganar a kan abu guda za ta tsaya.

Yawancin waɗanda ke shigo mana da laftof kukansu ɗaya ne: ta yi nauyi, in an kunna sai an je an yi alwala an dawo kafin ta buɗe. Mafi yawan laftof ɗin tokumbo ne, ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 4GB, da faifan ajiya irin na da mai juyawa. Kuma sau da yawa babu abin da ya lalace a ciki. Manhajoji ne suka yi cincirindo a bakin ƙofa, kowace tana son tashi tare da Windows: Skype da mai kwamfutar bai taɓa buɗewa ba, uTorrent, IDM, OneDrive, Teams, masu leƙen sabuntawa na Adobe, ga manhajar kariya har biyu ko uku suna kokawa a kan faifai ɗaya. A zamanin XP da Windows 7 sai ka rubuta msconfig a akwatin Run, jerin masu tashi ya fito, ka cire musu alama. Daga Windows 8 da ta fito a 2012 aka mayar da jerin cikin Task Manager. Ka danna Ctrl da Shift da Esc, ka shiga Startup, za ka gan su reras, har da bayanin wacce ta fi jan nauyi. Wadda aka rubuta wa High, ma'anarta ta ci fiye da daƙiƙa ɗaya na lokacin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko ta karanta fiye da 3MB daga faifai a lokacin tashi. Ka kashe waɗanda ba a buƙata, ka sake kunnawa. Aikin minti goma ne.

Minti goman nan ne ya haɗa ni da Oga. A wurinsa aikin da ba a kwance noti ba, ba a sa sabon Windows ba, ba aiki ba ne, don ba ya iya yanka masa farashi. Wata ɗaliba ta taɓa kawo laftof ɗinta tana tsakiyar rubuta furojet, na share mata jerin, ta ga bambanci nan take, na ce ta ba da abin da ya sauƙaƙa. Tana fita ya taso mini a gaban kwastomomi: "Kai, nan shago ne ko gidan marayu?" Daga ranar aka kafa doka: duk kwamfutar da ta yi nauyi, fomatin ne, wato a goge komai a sa sabon Windows, in mai ita ya nuna alamar kuɗi a ƙara masa ram.

Abin da ya fi ba ni takaici, bayan fomatin da wane filash muke zuba manhajoji? Da na shago. Kuma a cikinsa akwai duk tarkacen nan da na lissafa, kowace da an sa ta sai ta rubuta kanta a jerin masu tashi. Wato mu muke dasa cutar da hannunmu, bayan wata biyu mutum ya dawo da kuka iri ɗaya, mu sake karɓar kuɗinsa. Na faɗa wa Oga haka. Ya ce in yi abin da aka sa ni.

Sai ranar da wani dattijo mai sayar da hatsi ya kawo tasa, wadda ɗansa ke rubuta masa lissafin bashi a ciki. Na duba, na ce: "Ranka ya daɗe, wannan ba ta buƙatar fomatin, a ba ni ɗan lokaci." Oga ya ce kar in koya masa sana'a, ya aike ni karɓo kaya, ya miƙa ta ga sabon yaron da bai yi wata ba. Yaron bai san ana kwashe fayil kafin a goge ba, kuma ba wanda ya gaya masa. Da na dawo an gama, har an zuba sabbin manhajoji a kan wurin, abin da ke sa dawo da tsofaffin fayil ya yi wuya. Na kwana ina gwadawa, kaɗan na ceto. Da dattijon ya zo ya zauna a benci ya rasa abin cewa, Oga ya nuna ni ya ce: "Alhaji, ga wanda ya karɓi aikin." Sunana ne a rasit, gaskiya ne. Aka yanki albashina aka ba shi haƙuri da shi. Yaron ya so ya yi magana, na hana shi, don da ya buɗe baki ranar zai koma gida.

Ban ce fomatin ba shi da rana ba. Akwai kwamfutar da bairos ya ci ta har sai an goge, akwai wadda faifanta ya gaji, maganinta SSD ne kawai, wato ma'ajiyar zamani marar juyawa mai sauri, kuma in mutum yana da hali wannan ya fi ƙarin ram amfani nesa ba kusa ba. Amma sai ka duba tukuna kafin ka yanke hukunci.

Sauran a taƙaice. Kashe manhaja a Startup ba goge ta ba ne, tana nan, in ka neme ta za ta buɗe. Ku riƙa gaya wa kwastoma haka don hankalinsa ya kwanta. Kar ku taɓa Windows Security, da na sauti irin Realtek, da na wurin shafa yatsa irin Synaptics. Abin da ba ka gane sunansa ba, danna dama ka buɗe inda fayil ɗin yake kafin ka kashe. In kun ga wscript, mai tafiyar da ƙananan fayilolin umarni na Windows, yana tashi da wani fayil mai baƙon suna daga ɓoyayyiyar foldar AppData, yawanci bairos ɗin nan ne na filash da ke mayar da folda shotkot. Wanda ka kashe ya dawo, neme shi a Task Scheduler, inda Windows ke tsara ayyukan da ke tashi da kansu, ko a foldar da ke buɗewa in ka rubuta shell:startup a akwatin Run, ko ka sauko da Autoruns na Sysinternals, kyauta ne daga Microsoft kuma yana tona har na cikin rajista, wato inda Windows ke ajiye saitunansa. Manhajar kariya ɗaya ta isa. Duk aikin da za a goge wani abu, a sa mai kaya ya faɗi da bakinsa abin da yake so a ajiye, a rubuta a rasit, da sunan wanda ya yi aikin da hannunsa ba wanda ya karɓa ba.

Kuɗin da aka yanke mini kuwa, ranar sallama na tuna wa Oga. Ya ce za mu yi waya.