Lissafin halin ƙarfe kafin a saka shi a jirgin sama

Kamfaninmu ƙarami ne, kuma ba ma ƙera komai da hannu. Aikinmu lissafi ne a kwamfuta, muna yi wa masu buga sassan jirgin sama da garin ƙarfe (wato bugun 3D), galibi titaniyom na Ti-6Al-4V da Inconel 718 mai jure zafi. Injinsu kan shimfiɗa garin siriri, bai kai kaurin gashin kai ba, leza ta narkar da inda ake so, a sake shimfiɗa wani a kai, har sashen ya tashi. Buga shi ba wuya. Wuyar tana wajen gamsar da hukuma cewa zai jure shekaru yana tashi da sauka.

Hanyar da aka gada ita ce karya samfura. Dokar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, sashe na 25.613, ta ce ƙarfin da za a gina zane a kansa sai ya fito daga isasshen gwaji. A MMPDS, kundin alƙaluman ƙarfin ƙarafan jirgin sama, adadi mafi tsauri yana nufin kashi 99 cikin ɗari na ƙarfen zai kai wannan ƙarfi ko ya zarce, da tabbacin kashi 95. Kafin a kai nan, an ja samfura masu tarin yawa har sun tsinke, daga narki daban-daban. Tsarin ya ceci rayuka, ina kuma ganin girmansa.

Sai dai ƙarfen da aka buga ba kamar faranti ko sandar da aka saya ba ne. Ƙarfen da sashen tare ake haifarsu. Ka ƙara wa leza ƙarfi, ka kwantar da sashen maimakon tsayar da shi, ko ka sake amfani da garin jiya, to wani ƙarfen ne daban a hannunka. Bango siriri ba ya hucewa kamar mai kauri, don haka a sashe guda ma hali ya bambanta. Wane ƙaramin kamfani ne zai iya sake gwaji daga tushe duk lokacin da ya taɓa saiti?

A nan muke shigowa. Muna lissafa yadda zafi ke bi ta cikin ƙarfen, da zurfin ɗan tafkin da leza ke narkarwa. Idan zafi ya gaza, garin ba ya haɗewa, sai a sami rami mai kaifin baki; idan ya yi yawa, tururin ƙarfe ya huda ƙasa ya bar kumfa. Mai kaifin bakin ya fi ba ni tsoro, domin daga nan tsaga take farawa idan ƙarfe ya gaji. Muna kuma duba ƙwayoyin ƙarfen da kan yi dogaye suna bin tsayin ginin, abin da ke sa ƙarfin sashen a tsaye ya saɓa da na kwance.

Duk wanda ke wannan sana'a ya san hatsarin jirgin sama na birnin Sioux City a Amurka a 1989. Aibi ne ɗan ƙarami a cikin faifan titaniyom na injin jirgin, samfurin DC-10, tsaga ta yi ta girma daga gare shi shekara da shekaru har faifan ya tarwatse, mutum fiye da 110 suka rasu. Bayansa ne FAA ta tallafa aka samar da manhajar DARWIN, mai auna yiwuwar fashewar irin waɗannan faifai.

Injiniyan hukuma ba ya ruɗuwa da hoto mai launi. Abin da zai tambaya shi ne: lissafinka da nawa yake kaucewa, kuma ina shaida? Shi ya sa na ɗauki tsarin gasar AM-Bench da NIST, cibiyar ma'auni da fasaha ta Amurka, ta fara a 2018, inda masu lissafi ke miƙa hasashensu kafin su ga sakamakon awo. Mu ma haka muke yi da abokan ciniki. Mu rubuta inda muke ganin sashen zai tsage, a sa kwanan wata, sannan a kai shi ɗakin gwaji.

Wanda ya zo yana so in cire masa gwaji gaba ɗaya, ba na karɓar aikinsa. Abin da zan iya shi ne in nuna masa wane lungu na sashen za a yanka a duba, wane sauyin saiti ne ba ya taɓa halin ƙarfen, da wanda dole sai an koma an karya sababbin samfura.