Asabar: ni da mazarin Lekki

Bayan sallar asuba muka bar Agege, ni da ɗan yayata, don mu riga cunkoson titin Lekki zuwa Epe. Ana buɗe ƙofar Lekki Conservation Centre muka shiga. Ƙungiyar kare muhalli ta NCF ce ta kafa wurin a 1990, hekta 78 na daji da fadama, ga shi yanzu gidaje sun kewaye shi ta ko'ina. Ina fito da kyamara daga sanyin mota gilashinta ya yi hazo saboda danshin Legas. Dole na jira ya washe da kansa, domin goge shi a lokacin ɓata lokaci ne kawai.

Yawancin masu zuwa gadar sama ta tafiya a ƙafa tsakanin bishiyoyi ce ke kawo su, mai tsawon mita 401, wadda ake cewa babu kamarta a Afirka. Yaron ma can ya nufa. "Kawu, ba za ka hau ba?" Na ce ya je ya gaishe mini da tsuntsaye, ni aikina a ƙasa yake.

A gefen hanyar katako, inda ruwa ya kwanta, na ga wani jan mazari a kan busasshen kara. Shi mazari ba a bin sa. Yana da wurin saukarsa. In ya tashi farautar sauro ko korar ɗan'uwansa, yakan dawo kan karan nan dai. Saboda haka karan na saita, na durƙusa na jira. Idanunsa sun kusa cinye kansa, kowane ɗaya da dubban ƙananan idanu a ciki, don haka motsi kaɗan ya ishe shi ya tashi, inuwar mutum kuwa kada ta kuskura ta faɗa masa. Wahalar hoton kusa ita ce ɗan siririn wuri ne kawai ke fitowa tar. In ido ya fito, jela ta dushe. Sai da na koma gefe, kyamarar ta yi daidai da tsawon jikinsa, sannan na samu shi duka, har jijiyoyin fukafukai. Da a ce ana barin shiga da sanyin asuba, da aikin ya fi sauƙi, domin ƙwari ba sa kuzari sai rana ta ɗumama su.

Gaba kaɗan na tarar da jajayen tururuwar nan masu ɗinke ganye. Wasu na jan ganye biyu su haɗa, wasu na riƙe da tsutsotsinsu a baki suna liƙewa da zaren da tsutsar ke fitarwa. Na matsa sosai, suka ko yi mini cizon maraba a wuya.

Birai kam ba su da wuyar ɗauka, su ke zuwa da kansu. Ɗaya ya fizge wa wata mata ledar biskit, kowa ya ɗaga waya. Ɗawisu da tsohon kunkurun wurin ma na ɗauke su ne don yaran gida.

Da daddare na zuba hotunan a kwamfuta, na share mafi yawa. Na malam-buɗe-littafi duk sun girgiza, ba ya zama wuri ɗaya da rana ta take. Yaron ya zaɓi na biri zai sa a WhatsApp, ni na ajiye na mazarin. Wuyana har yanzu ƙaiƙayi yake.