Inda muka kai a lissafin kuɗin aiki: katin aiki da rabon ɗawainiyar shago

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon lissafin sana'a. Mako huɗu ke nan muna kan tambaya ɗaya: idan mai walda a Garwa ta Kamaru ya ƙera ƙofar gida, nawa ƙofar nan ta ci masa? Ga inda muka kai, da wuraren da ƙafa ke zamewa. Alkaluman da ke ƙasa na gwaji ne, mun tsara su don lissafi ya fito sarai. Kowa ya cire su ya sa farashin kasuwarsa, ko a Marwa yake ko a Kusuri ko a Njamena.

Shagon gwajin namu yana da ma'aikata uku, da injin walda biyu, da injin yanka, da kwamfuresar fenti, da janareta. Ba ya ƙera kaya ya jera yana jiran mai saye, sai an kawo aiki. Shi ya sa kowane aiki yake buƙatar katinsa.

Makon farko: kati

Katin aiki takarda ce guda mai lamba, mai gida uku: kayan da suka shiga aikin, awannin da aka yi a kansa, da kasonsa na ɗawainiyar shago, irin su haya da wuta. Gida biyun farko ba su da wuyar fahimta, wuyarsu a kiyayewa take. Duk ƙarfen da ya fita daga sito a rubuta lambar aikin da ya tafi, duk wanda ya taɓa aikin ya rubuta awanninsa kafin ya tashi. Abin da aka bari sai gobe, ƙiyasi zai koma. Kuma a rubuta kuɗi da sefa cikakke. A kasuwa da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5, to wanda ya ji "dala dubu" ya rubuta 1,000 a kati maimakon 5,000 ya ɓata lissafin tun daga tushe.

Abu biyu suka tsayar da mu a gidan kaya. Na farko guntaye. Sandar ƙarfe tana zuwa da tsawon mita 6. Taga mai buƙatar yanka na mita 1.30 za ta sami guda huɗu a sanda ɗaya, wato mita 5.20, a bar guntun santimita 80. Idan guntun ba zai shiga wani aiki ba, kuɗin sandar duka ake ɗora wa tagar, ba kuɗin mita 5.20 ba. Wanda ya yi lissafi da mita kawai ya yafe kusan kashi 13 cikin 100 na ƙarfensa bai sani ba. In an sayar da guntayen ga masu sayen ƙarfe a kilo, sai a rage abin da aka samu.

Na biyu farashi. A sito akwai sanda 10 da aka saya a kan 7,000, sannan aka ƙaro 20 a kan 8,500. Wanne za a rubuta a kati? Mun ɗauki matsakaici mai la'akari da yawa: 70,000 da 170,000 sun zama 240,000, a raba gida 30, kowace sanda 8,000. Ba 7,750 ba, wanda shi ake samu idan aka haɗa farashin biyu aka raba biyu, kuma shi ne kuskuren da aka fi yi. Ɗaya hanyar da tsarin lissafinmu ya yarda da ita ita ce wanda ya fara shiga shi ke fara fita. A zaɓi ɗaya a zauna a kanta. Amma fa wannan na rubuta abin da aiki ya ci ne. Idan za a yanka wa mai aiki farashin sabon aiki, da kuɗin ƙarfe na yau za a yi, don da shi za a sake cika sito.

Mako na biyu: ɗawainiyar shago

Nan gizo ke saƙa. Ɗawainiyar shago ita ce duk kuɗin da ake kashewa don shago ya tsaya, amma ba za ka iya nuna ƙofa ɗaya ka ce ita ta ci shi ba. A gwajinmu na wata ɗaya: haya 60,000, wuta 45,000, man janareta 40,000, tsufan injuna 30,000, gyara 15,000, ƙananan kaya irin su faifan yanka da safar hannu da gilashin ido 30,000, sai kason shagon a kuɗin mai gadin layi 20,000. Jimla 240,000.

Tsufan injuna shi ne wanda ba ya zuwa da rasit, shi ya sa ake mance shi. Injuna na 1,800,000 da ake sa ran za su yi shekara 5 suna cin 360,000 a shekara, 30,000 a wata, ko an ware kuɗin ko ba a ware ba. Ranar da injin walda ya ƙone ake gane cewa abin da aka yi ta kira riba, wani ɓangarensa jikin injin ne aka cinye.

Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma tsarin lissafinta da aka sabunta, wato SYSCOHADA, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Aji na 6 na jerin asusun tsarin yana tara kashe-kashe bisa nau'insu: wannan na wuta, wannan na haya, wannan na albashi. Zai gaya maka nawa ka biya na wuta, ba zai gaya maka ƙofar wa ta sha wutar ba. Wannan aikin lissafin cikin gida ne, wanda aka ba shi wuri a aji na 9, kuma kowane shago shi ke tsara nasa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba 240,000 bisa awannin aiki. Tambayar ita ce awanni nawa. A takarda, mutum uku sau kwana 26 sau awa 8 ya ba da 624, kason kowace awa ya kama kusan 385. Amma ba wanda ke riƙe da walda awa takwas cur. Akwai zuwa auna ƙofa a gidan mai aiki, da zuwa sayen ƙarfe, da sallar Juma'a, da jiran wuta, da shara. Ga zafin Maris da Afrilu a Garwa, lokacin da ƙarfen da ke rana ba ya taɓuwa da hannu bayan azahar. Da aka cire waɗannan, awannin da ke shiga kati 480 ne, kason awa ya zama 500. Wanda ya yi aiki da 385 zai ɗora 184,800 kawai a kan ayyukansa na wata, sauran 55,200 ba mai biya sai aljihunsa. Mu dai mun tsaya a kan cewa wannan lamba ta ƙasa, wato awannin da ake rabawa da su, ta fi kowace lamba a katin haɗari, kuma daga katunan watannin baya ake ciro ta, ba daga fata ba.

Haka albashi. Idan ma'aikatan uku suna karɓar 288,000 a wata, kuɗin awa 600 ne, ba kusan 462 ba. Idan mai shago da kansa yana walda, ya sa wa awanninsa kuɗi kamar na kowa, haka kuɗin abincin yaran shago. Barin waɗannan tuya ce aka yi aka manta da albasa.

Ga katin ƙofar gida yadda ya fito. Ƙarfe 95,000, sandunan walda 6,000, fenti 12,000, kuba da sauran maƙalai 12,000, kaya sun tashi 125,000. Awa 40 a kan 600, 24,000. Ɗawainiya awa 40 a kan 500, 20,000. Kuɗin kai ƙofar gidan mai ita 6,000, wanda kai tsaye yake shiga katin don ita kaɗai aka ɗauko wa abin hawa. Jimla 175,000.

Mako na uku: ma'auni ɗaya ba ya isa

Sai muka kawo aiki na biyu: gyara da sake fentin tsofaffin tagogi, shi ma awa 40. Da kason 500, shi ma zai ɗauki 20,000 daidai da ƙofar. Hankali bai kwanta da wannan ba. Ƙofar ta sha walda awa 30, janareta na kuka, faifai na ƙarewa. Tagogin kuwa awa 35 aka yi ana kankare tsatsa da hannu ana shafa fenti. Ta yaya za su biya kuɗin wuta ɗaya?

Mun raba shagon gida biyu, sashen walda da sashen fenti, muka bi kowane kashe-kashe da ma'aunin da ya dace da shi. Haya bisa faɗin wuri: murabba'in mita 60 da 30, wato 40,000 da 20,000. Tsufan injuna bisa darajarsu: injunan walda da yanka da janareta 1,500,000, na fenti 300,000, wato 25,000 da 5,000. Wuta bisa ƙarfin kowane inji da awannin da yake kunne, 40,000 da 5,000, mai kuma 35,000 da 5,000. Gyara 12,000 da 3,000, ƙananan kaya 18,000 da 12,000 kamar yadda takardun sito suka nuna, gadi rabi da rabi. Sashen walda ya tashi da 180,000, na fenti 60,000. Kowane sashe yana da awa 240, don haka awar walda 750, awar fenti 250.

Yanzu ƙofar: awa 30 a kan 750 da awa 10 a kan 250, 25,000. Tagogin: awa 5 a kan 750 da awa 35 a kan 250, 12,500. Jimlar kuɗin ƙofa ta koma 180,000. A ƙarƙashin ma'auni ɗaya, mai tagogi ne yake biya wa mai ƙofa wuta. Illar ba ta tsaya a kati ba. Shagon zai riƙa tsawwala farashin aikin fenti har masu kawo shi su koma wani wuri, yana kuma arha da aikin walda, sai ayyukan da ke cin sa su yi ta zuwa, mai shi yana murnar ciniki.

Kada kuma a wuce gona da iri. Shago mai mutum uku ba ya buƙatar sashe bakwai. Ana ƙara sashe ne kawai idan ayyuka sun bambanta ƙwarai wajen cin abin da ke da tsada. Idan duk abin da kake yi ƙofofi ne masu kama da juna, ma'auni ɗaya ya wadatar.

A nan ne kuma muka gyara lissafin riba. Ƙara kashi 20 cikin 100 a kan 180,000 yana ba da 216,000, ribar 36,000, wadda kashi 16.7 ce kawai ta kuɗin sayarwa. Mai son kashi 20 na kuɗin sayarwa sai ya raba 180,000 da 0.8, ya sami 225,000. Batun TVA kuma, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya, wadda a Kamaru take kashi 19.25: shagon da ke da ikon cire ta daga harajin da zai biya yana rubuta kaya ba tare da ita ba, wanda ba shi da wannan iko yana rubuta duk abin da ya biya.

Mako na huɗu: watan da kasuwa ta kwanta

Ɗawainiya iri biyu ce. Haya da tsufan injuna da gadi, 110,000, ba ruwansu da ko an yi aiki. Sauran 130,000 suna hawa da sauka da aiki. A ce wani wata awa 360 kawai aka yi maimakon 480. Idan aka raba 110,000 da 360, kason awa ya tashi daga kusan 229 zuwa kusan 306. Kati zai nuna ƙofa ta ƙara tsada alhali ƙarfe ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Mai bin katin ido rufe zai ƙara farashi daidai lokacin da masu saye suka yi ƙaranci.

Gyaran shi ne a ɗora wa ayyuka kason da ya yi daidai da aikin da aka yi. 360 cikin 480 kashi 75 ne, don haka 82,500 ke shiga katuna. Ragowar 27,500 a rubuta ta daban da sunanta, asarar zaman banza, ta tafi lissafin watan kai tsaye. SYSCOHADA ma haka ya tanada wajen ƙimanta kayan da aka ƙera: ba a cusa asarar ƙarancin aiki cikin darajar kayan da ke sito.

Saboda irin wannan ne ake tsayar da kason awa bisa shekara, ba wata-wata ba. Wutar arewacin Kamaru ta dogara sosai da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma ruwa yana ja baya da rani. Watan da aka fi kunna janareta kuɗin mai zai haura. Ba daidai ba ne mai ƙofar Afrilu ya ɗauki nauyin nan shi kaɗai, mai ƙofar Satumba ya tsira. Haka fentin da ƙurar hunturu ta ɓata aka sake shi: idan abu ne da ke faruwa kowace shekara, cikin ɗawainiyar sashen fenti yake. Idan mai aiki ne ya canza launi bayan an gama, katinsa ne zai ɗauka.

A ƙarshen wata dole a gwada abin da aka ɗora da abin da aka kashe. Da ma'auni ɗaya, awa 470 a kan 500 ya ba da 235,000, rasitai kuma suka nuna 255,000. Gibin 20,000 kenan. Kafin a taɓa kason awa a binciki asalinsa: 5,000 daga awa goman da ba a yi ba ne, 15,000 daga kashewar da ta haura 240,000. Gibin wata ɗaya ba ya sa a canza kaso. Idan ya maimaitu wata uku a jere ta fuska ɗaya, to kason ne ya tsufa.

Abin da ke gabanmu a mako mai zuwa shi ne aikin da wata ya ƙare ba a gama shi ba. Kowa ya ɗauki katin ƙofar nan, ya ɗauka an sayi ƙarfe da sandunan walda duka, an yi awa 18 a sashen walda, ba a taɓa fenti da kuba ba, mai ƙofar kuma ya ba da kafin alƙalami na 100,000. A fitar da darajar aikin a ranar rufe littafi, a kuma nuna inda 100,000 ɗin za ta zauna, tunda har yanzu ba a miƙa ƙofa ba.