Tsakanin gani da taka birki

Shekara 11 ke nan ina riƙe da makarantar koyon tuƙi a Kaduna, da motoci uku da malamai biyu. Duk motar da muka saya, kafin ta ɗauki ɗalibi sai bakanike ya sa mata birki na biyu a gefen malami.

Akwai wata ɗalibata, ma'aikaciyar jinya, da ta haddace alamomin hanya tsaf. Wata rana muna tafe a layin unguwa, akuya ta ɓullo daga bayan kwalbati. Ta gan ta sarai, har ta ce "Innalillahi", amma ƙafarta ta yi ta lalube, daga ƙarshe ta sauka kan totur. Ni na taka nawa birkin. Hannunta na rawa ta ce, "Malam, wallahi na san birki ne." Na ce, "Hajiya, ke kin sani, ƙafar ce ba ta sani ba tukuna."

Ita ce ma daga baya ta warware min abin da na daɗe ina gani. Abin da ido ya ɗauko, jijiya ke kai shi can wajen ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke fassara gani. Sai an gane akuya ce, an zaɓi abin yi, sannan sashen da ke ba gaɓoɓi umarni ya aika saƙo ta laka zuwa ƙafa. Ƙafar dama kuwa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke juya ta. Idan ka taɓa tukunya mai zafi, laka ce ke fizge hannun tun kafin ka ji zafin. Birki ba shi da wannan yanke, sai an bi doguwar hanya.

Zaɓin nan shi ke cin lokaci. Tun 1868 wani masani ɗan ƙasar Holan, Donders, ya auna ya nuna cewa mutum ya fi jinkiri idan sai ya zaɓa kafin ya motsa. Wanda ya zauna yana jiran fitila ta kunnu ya danna maɓalli, kusan rubu'in daƙiƙa yake ɗauka. Direban da abu ya faɗo wa ba zato yakan ci daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A gudun kilomita 60 cikin awa, mota na cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Wato kana iya shafe mita 25 birki bai ko fara kamawa ba.

Shi ya sa kwana ukun farko ba na barin a tayar da mota. Ɗalibi zai zauna, dunduniya a ƙasa, in tafa hannu ya ɗauke ƙafa daga totur zuwa birki. Wani lokaci in yi shiru, in ɗauke shi da hira, sai kwatsam in tafa. Muna maimaitawa har ƙafar ta daina shawara. Wasu kan yi fushi, su ce kuɗin tuƙi suka biya, kuma an yi waɗanda suka karɓi kuɗinsu suka tafi. Na ji ciwon rasa su, amma ban sauya tsarin ba. Waya kuwa a jaka take kwana har a gama darasi.

A sati na biyar mai keke ya tsaya cak a gabanmu don ɗaukar fasinja, ba sigina. Na ɗaga ƙafata, sai na tarar Hajiya ta riga ta tsayar da motar, tana ci gaba da ba ni labarin aikin dare a asibiti.